Hajiya Gambo Sawaba: Matar Da Ta Sha Ɗauri Don Matan Arewa Su Samu Ƙuri'a

  A wannan fitowa Zariya za mu leƙa, mu duba rayuwar marigayiya Hajiya Gambo Sawaba, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a shekarar 2001. Da yawa daga cikinmu mun san sunan, ko don babban asibitin nan na Ƙofar Gayan, ko don ɗakin kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Bayero da ke Kano. Amma in aka ce a faɗi abin da ta yi har aka sa wa waɗannan wurare sunanta, sai a yi shiru. To, 'yar uwa, katin zaɓen nan naki da yake kwance a ƙasan akwati, wanda wataƙila rabonki da shi tun ranar da kika karɓo, yana da tarihi. Wannan baiwar Allah tana cikin sahun gaba na waɗanda suka sha duka da ɗauri kafin a yarda mace a Arewa ta riƙe irinsa.

Asalinta da tasowarta

An haife ta a shekarar 1933, kuma sunanta na yanka Hajaratu. Da yake ita ta biyo bayan tagwaye, sai aka riƙa kiran ta Gambo kamar yadda al'adarmu ta tanada, har sunan ya bi ta. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Nijeriya, ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Isa. Mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce daga yankin Lavun, a jihar Neja ta yanzu. A Zariya Gambo ta taso, a cikin mutane iri-iri, shi ya sa ta tashi tana jin harsuna da dama, abin da ya yi mata amfani ƙwarai daga baya.

An sa ta a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, tana da shekara 10. Bayan shekara uku mahaifiyarta ma ta bi shi. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗauke da cikinta na fari mijin ya sa ƙafa ya tafi, bai sake waiwayo ta ba. Ku duba fa: marainiya, yarinya ƙarama, ga goyo, ga karatu ya yanke. Duk abin da ta zo tana yaƙi a kansa daga baya, wato aurar da yarinya ba ta isa ba, da hana 'ya mace karatu, da wulaƙanta mara galihu, ita da kanta ta ɗanɗana shi. Ai ciwon da ka taɓa yi shi kake sanin zafinsa a jikin wani.

Zariya a wancan zamani: kowace unguwa da inda ta karkata

Kafin mu fahimci siyasarta, sai mun fahimci garin. Zariya ta wancan lokaci ba ta kai girman ta yau ba, kuma kashi uku take. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take, da gidajen sarauta, da malamai, da ma'aikatan En'e. Akwai Tudun Wada, inda akasari baƙi 'yan Arewa suke sauka. Sai Sabon Gari, wanda ya tashi saboda zuwan jirgin ƙasa, inda Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan kasuwa da leburori suke zaune wuri guda.

Da siyasar jam'iyyu ta shigo, sai kowace unguwa ta karkata inda abincinta da tsoronta suke. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, mai alamar fartanya, ita ce ta sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e, don haka ta fi ƙarfi a Birni da ƙauyuka, inda maganar dagaci da mai unguwa ba a ja da ita. Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, mai alamar tauraro, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita kuma ta samu gindin zama a wajen talakawa, da teloli, da mahauta, da ƙananan 'yan kasuwa, da wasu malaman zaure. Irin su Sabon Gari nan ne sheƙarta, domin mutanen wurin ba a ƙarƙashin inuwar wani basarake suke cin abinci ba. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. In mutum ya shiga NEPU, kafin gari ya waye labari ya isa inda zai isa, kuma yana iya gani a harajinsa, ko a rumfarsa ta kasuwa, ko a gaban alƙali.

Shi kansa zaɓen ba irin na yanzu ba ne. Na 1951 hawa-hawa aka yi shi: a zaɓi wakilai a unguwa, su je su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da haka 'yan NEPU suka yi ta cin zaɓe a ƙasa suna faɗuwa a sama. Mata kuwa ko a hawa na farko babu su a lissafi.

Shigarta NEPU

Gambo tana da kimanin shekara 17 ta shiga NEPU, a lokacin da maza da yawa ke ɓoye katinsu don tsoro. Ba a jima ba aka ga irin ƙarfin zuciyarta da iya maganarta, aka ba ta shugabancin mata na reshen Sabon Gari. Sawaba shi ne taken jam'iyyar, ma'anarsa samun sauƙi da 'yanci bayan wuya, kuma daga nan sunan ya manne mata har ya zama kamar na yanka. Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar, shi ne ubangidanta a siyasa, kuma yana cikin 'yan ƙalilan a Arewa da suka fito fili tun a lokacin suka ce mace ma tana da haƙƙin zaɓe.

Ta yi tattaki har Abekuta don ganin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba suka yi bore a kan harajin da aka ɗora musu, har Sarkin Abekuta ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Abin da Gambo ta gano a can shi ne, mata in suka haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya, hukuma tana saurara.

Da ta dawo, sai ta kama aikin da maza ba za su iya ba. Ɗan siyasa namiji iyakarsa zaure ko dandali. Ita kuwa tana yin sallama ta wuce har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta taya mata tsince shinkafa ko surfe, ana hira tana bayyana musu abin da haraji yake, da abin da aikin tilas yake, da dalilin da ya sa babu makarantar 'yan mata ko asibitin haihuwa a kusa da su. Ba ta raina gidan kowa. Wajen biki, wajen suna, wajen ta'aziyya, duk filin aikinta ne. Wannan shiga gida-gida shi ya fi tayar wa masu mulki hankali, fiye da lacca a dandali.

Ɗauri da duka

An tura ta Kano don ta tattaro mata su mara wa NEPU baya. Nan fa hukuma ta ce ba ta san zance ba. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure. Daga baya ma aka kore ta daga Kano baki ɗaya, aka raka ta aka mayar Zariya. Wannan shi ne mafari. Masu rubuta tarihinta sun lissafa cewa sau 16 ana ɗaure ta, a gidajen yari daban-daban. Laifin dai kusan guda ne kullum: taro ba izini, ko zagin hukuma, ko tayar da hankali.

Ban da ɗauri akwai duka. A shekarun 1950 'yan bangar siyasa sun yi tashe, har akwai wata ƙungiya a Kano da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda aikinta shi ne far wa 'yan NEPU. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Gambo taron dangi, aka yi mata dukan kawo wuƙa, aka yar da ita a daji ana zaton ta mutu. An kuma ruwaito cewa an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba don a tozarta ta. Ta rayu da tabon waɗannan abubuwa a jikinta har ƙarshen rayuwarta. Zaman aure ma bai ɗore mata ba, domin ba kowane namiji ne zai jure matarsa yau tana gida gobe tana gidan yari ba. Wannan ma wani farashi ne da ta biya, wanda mu matan aure muka fi kowa sanin nauyinsa.

Gaskiya ne ba kowa ya yarda da duk ra'ayinta ba. Tana da zafi, ba ta tauna magana, kuma matsayinta game da kulle ya haɗa ta da wasu malamai da magidanta na zamaninta. Har gobe za a samu masu bambanta da ita a wannan. Amma ko masu adawa da ita sun shaide ta da abu biyu: ba ta da tsoro, kuma ba a sayen ta da kuɗi.

Me ya sa aka hana mata zaɓe?

Matan Gabashin Nijeriya sun fara zaɓe a 1954, na Yamma masu biyan haraji suka biyo baya a 1955. A babban zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun mulkin kai, duk matan Kudu sun jefa ƙuri'a. A Arewa kuwa maza kaɗai suka yi layi. Shugabannin NPC sun tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, kuma al'ada da addini ba su yarda ba. A wannan zaɓe NPC ta samu kujeru 134, NEPU ta tashi da 8, ciki har da ta Malam Aminu Kano. Rabin jama'ar Arewa, wato mu, ba a tambaye su ba.

Ita dai hujjar addinin ba ta zauna daram ba, kuma tun a lokacin akwai masu ilimi da suka faɗa. Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 game da matsayin mace a Musulunci, suka jawo muhawara mai zafi. Mu da muke zuwa Islamiyya mun karanta cewa mata sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a da kansu, kuma Suratul Mumtahana ta kawo batun. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Abdurrahman bin Auf (RA) yake neman ra'ayin mutanen Madina a kan wanda zai gaji Sayyidina Umar (RA), har matan da ke cikin ɗakunansu ya tuntuɓa. A nan ƙasarmu ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ashe ke nan Gambo ba baƙon abu ta kawo ba, abin da aka manta ne ta tuno da shi.

Ranar da ƙofa ta buɗe

Sojoji sun kifar da Jamhuriya ta Farko a watan Janairun 1966, aka rushe jam'iyyu, matan Arewa ba su taɓa jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka yarda mata su shiga zaɓe. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan haƙƙi ga duk ɗan ƙasa, namiji ko mace, da ya kai shekara 18. Tsakanin shigar Gambo siyasa da wannan rana, an haura shekara 25.

Iyayenmu da suka ga zaɓen 1979 suna ba da labarin yadda mata suka fito, da lulluɓinsu da goyonsu, layinsu daban na maza daban. Wadda ba ta iya karatu ba tana gane alama: makulli na PRP, gida da masara na NPN. Wasu malamai ma suka sa baki, suna kira ga magidanta su bar matansu su yi rajista su yi zaɓe. A wannan shekara PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamna a Kano, inda Abubakar Rimi ya hau, ta kuma ci a Kaduna, inda Balarabe Musa ya hau duk da cewa NPN ce ke da rinjaye a majalisar jihar. Ita Hajiya Gambo a wannan karo GNPP ta shiga, jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim, har ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyya na ƙasa.

Gidanta da ƙarshen rayuwarta

Wanda ya san Hajiya Gambo a dandalin siyasa kawai, rabinta ya sani. Gidanta na Sabon Gari bai taɓa rabuwa da jama'a ba: marayu, da naƙasassu, da matan da aka sako ba su da wurin zuwa, da baƙin da dare ya yi musu. Ta riƙi 'ya'yan da ba ita ta haifa ba masu yawa, ba ta tambayar ƙabila, ta ciyar, ta tufatar, ta sa a makaranta. Abin da ta samu a sana'arta a nan yake ƙarewa. Ba ta tara dukiya ba, alhali da yawa daga waɗanda suka shigo siyasa bayanta sun yi gidaje da motoci.

A ƙarshen shekarun 1990 ta janye jiki daga siyasa, ganin yadda kuɗi ya maye gurbin aƙida. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya shirya fitar da takardar kuɗi ta Naira 5,000 ɗauke da hotonta da na Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, amma aka jingine shirin.

To, mu ina muka kwana?

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fito. A 2015 abin ya sauka zuwa kusan kashi 44, a 2019 kusan 35. A 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, kusan rabinsu mata ne, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba. Wato a cikin mutum huɗu, uku suna gida. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa ba a magana, sau da yawa sai dai a ji a rediyo an ce an yi.

Mun san dalilan, kuma ba na banza ba ne. Wata ta ce an yi ta zaɓe ba ta ga canji ba. Wata tsoron rigima take. Wata maigida ne bai bari ba. Wata kuma ga girki, ga yara, ga rana. Amma mu duba ta wannan gefen. A babban birni ƙuri'a ɗaya tana iya ɓacewa cikin dubbai. A ƙaramin gari kuwa, kansila ko ɗan majalisar jiha da 'yar tazara kaɗan yake ci, kuma ana yawan cewa gari kaza na jam'iyya kaza ne, alhali ra'ayin waɗanda suka fito ne kawai aka ƙirga. Matan unguwa ɗaya in suka fito sun isa su juya sakamakon mazaɓa. Kuma abubuwan da suka fi shafarmu, wato asibitin sha-ka-tafi, da allurar rigakafi, da makarantar firamare, da rijiyar burtsatse, da kwata, da kasuwa, duk a hannun waɗannan na kusa suke. Ranar da naƙuda ta tashi cikin dare aka tarar da asibiti ba unguwar zoma ba magani, ranar ce ake gane cewa siyasa ta shigo har cikin ɗaki.

Sai kuma ɗaya cutar, wadda ta fi zaman gida muni. Ana gobe zaɓe a bi mu gida-gida da sabulu, da taliya, da turmin atamfa, da 'yan kuɗin da ba za su kai mako ba. Hanyar da Hajiya Gambo ta bi tana wayar da kai, ita ce yanzu ake bi ana sayen mu. Ƙuri'a shaida ce, 'yan uwa, kuma mun san matsayin mai shaidar zur a addininmu. In kika ɗaga hannun wanda kika san azzalumi ne don taliya, kina da kaso a abin da zai aikata shekara huɗu.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Ki duba katinki tun da wuri, in babu ki je ki yi rajista lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe. Ki yi magana da maigida cikin ladabi da fahimta tun kafin ranar, ba da safiyar zaɓe ba, in ya yiwu ku tafi tare. Ku haɗa kai da maƙwabta, wasu su riƙe yara wasu su je, in sun dawo a canja. A Islamiyya da wajen taronmu na wata-wata mu riƙa tambayar juna: wane ne wannan ɗan takara, me ya yi wa garin nan, yaya amanarsa take? Jam'iyya dai kowa da tasa, kuma wannan fili ba ya ce wa kowa ga wadda za ta bi. Ki zaɓi wanda za ki iya tsayawa gaban Allah ki ce don cancantarsa kika zaɓe shi. Mu kuma ba 'ya'yanmu mata wannan tarihi, su san cewa ba a sama abin ya faɗo ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo Sawaba, Ya yafe mata kurakuranta, Ya saka mata da alherin da ta yi wa marayu da raunana, Ya sa Aljanna ce makomarta. Mu kuma Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon riƙe amana.